Uwar mijina ta ce ni ke sace mata kuɗi

Assalamu alaikum, Anti. Ina zaune a Garwa, shekarata 36, 'ya'yana huɗu. Shekara uku ke nan uwar mijina, wadda muke kira Inna, tana hannuna, kuma ta haura shekara 75. Abin ya fara ne da mantuwar inda ta ajiye carbi da yawan maimaita tambaya, yanzu kuwa ya kai ga ta ci tuwo ta wanke hannu, sannan ta gaya wa baƙi cewa kwana biyu ban ba ta abinci ba. Kullum sai ta ce na sace kuɗin da ta ƙulle a bakin zane. Da la'asar sakaliya takan ɗaure kayanta ta ce za ta tafi gida wurin mahaifiyarta a Pitowa, alhali mahaifiyar ta rasu tun kafin a haifi mijina. Sau biyu tana ficewa, a na biyun wani mai babur ne ya tsinto ta kusa da gadar Binuwai, kuma tun daga ranar nake kulle ta a ɗaki idan zan yi girki ko zan je kasuwa. Mijina direban babbar mota ne tsakanin Ngaundere da Kusseri, yakan yi mako biyu ba ya gida. Ƙannensa mata biyu ne, ɗaya a Yawunde ɗaya a Marwa. Idan sun kira waya Inna takan kai musu ƙarata, kuma sun yarda, har babbar ta ce asiri na yi mata don in mallake gidan. Makon jiya Inna ta watsa mini kunu ta kira ni ɓarauniya a gaban yarana, na daka mata tsawa na fizgi hannunta, ta yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Tun ranar ba na iya barci. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, babu sauyi. Shin na yi asarar ladana? Kuma in tafi gidanmu ne in bar musu uwarsu?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Abin da kika zayyana, tun daga ɓatan carbi har zuwa ɗaure kaya da yamma, ba asiri ba ne, kuma ba jifa ba ne. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa wanda mu muke kira gigin tsufa, likita kuwa idan kun je asibiti za ki ji ya ce démence da Faransanci. Sunan da muka ba shi ne ya yaudare mu, domin da muka jingina shi ga tsufa sai muka ɗauka cewa duk wanda ya daɗe a duniya dole ya ruɗe, alhali a unguwarku ma ba za ki rasa tsohuwa mai shekara casa'in da za ta lissafa miki jikoki da tattaɓa-kunne ba tare da ta tsallake ko ɗaya ba. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna lalacewa sannu a hankali, kuma a mafi yawan masu ciwon lalacewar tana farawa ne daga sashen da ke adana sabon abu. Shi ya sa tuwon da Inna ta ci ɗazu bai bar alama a ranta ba, amma gidansu na Pitowa na shekara sittin da suka wuce yana nan daram, da mahaifiyarta a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da wannan ciwo, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in da ake kira Alzheimer ne. Sunan wani likitan Jamus ne wanda ya fara bayyana cutar a 1906, kuma ya kamata ki san cewa matar da ya yi nazari a kanta ita ma zargin mijinta ta riƙa yi, tana kwasar kayan gida tana ɓoyewa. Wato zargin nan da ke ci miki rai yana cikin cutar tun ranar da aka fara rubuta ta.

Ki dubi yadda maganar kuɗin take tafiya. Inna tana jin a jikinta cewa abubuwa suna suɓuce mata, tsoro ya kama ta, sai ta kwance kuɗin daga bakin zane ta tura su ƙarƙashin katifa ko cikin wani kwano don ta tsare su. Bayan ɗan lokaci ɓoyewar ta goge daga ranta, abin da ya rage kawai shi ne ta san tana da kuɗi kuma ga shi babu su. Mace ce da ta yi shekaru tana riƙe gida ba ta taɓa ɓatar da ko dala ba, don haka zuciyarta ba za ta karɓi cewa ita ce ta manta ba. Wa ke shiga ɗakin? Wa ke canza mata zane, wa ke share ƙarƙashin gado? Ke ce. Zargi yana sauka ne a kan wanda ya fi kusa, kuma wanda ke Yawunde ba za a taɓa cewa ya saci komai ba tunda bai taɓa ɗaga katifar ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa ƙannen mijinki suka gaskata ta, kuma ba lallai mugunta ce zalla ba. Gaisuwarmu doguwa ce, kuma ta zauna a bakin Inna tun tana yarinya, don haka tana cikin abubuwan da cutar ke taɓawa a ƙarshe. A waya za ta iya yin ina kwana, ina gajiya, yaya yara, yaya maigidan, ta sa albarka, duk babu tuntuɓe, sannan ta ce an hana ta abinci. Wanda ya ji wannan na minti biyar zai rantse cewa uwarsa lafiyarta lau. Musu da su a waya ba zai kai ki ko'ina ba, domin suna auna maganarki ne da abin da kunnensu ya ji.

A wasiƙarki na ga rubutu da ruƙiyya, ban ga likita ba, kuma a nan ne nake so a fara. Gaskiya ne cewa har yau babu maganin da ke warkar da Alzheimer, amma ba kowace ruɗewa ce Alzheimer ba. Akwai wadda hawan jini da ƙananan toshewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke kawowa, kuma ita idan aka riƙe hawan jinin da sukari ana iya rage saurinta. Akwai ruɗewar da ƙarancin bitamin B12 ko raunin halittar maƙogwaro mai haddasa maƙoƙo ke jawowa, akwai wadda ciwon damuwa ke kwaikwaya, kuma kurumta da raunin gani suna ƙara dagula mai ciwon. Ku kai ta babban asibitin yanki a nan Garwa, ku nemi a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ko na lafiyar hankali, ku tafi da karnenta, wato littafinta na asibiti, da duk wani magani da take sha, har da na gargajiya. Kafin ranar ki samu littafi ki riƙa rubuta abin da ya faru da lokacin da ya faru, domin a gaban likita Inna za ta yi irin gaisuwar nan mai kyau, kuma bayaninki ne zai nuna masa abin da ke ƙasa. Akwai magunguna irin su donepezil da memantine waɗanda kan sassauta alamun ga wasu na wani lokaci, likita ne zai duba ko sun dace da ita. Abin da nake gargaɗinki a kansa da babbar murya shi ne ƙwayar barci ta masu tallan magani a bakin titi, irin su diazepam. Wata za ta ba ki shawarar ki jefa mata a kunu ku huta, amma a jikin tsoho tana ƙara ruɗewa, tana kawo jiri da faɗuwa, kuma sau da yawa tsohuwar da ta karye a ƙugu ba ta sake tashi.

Ki kuma riƙe wannan: gigin tsufa a hankali yake tafiya, wata da watanni. Duk ranar da kika ga Inna ta rikice fiye da kullum cikin kwana ɗaya ko biyu, ko barci ya yi mata yawa, ko ta fara ganin abin da babu, to wani ciwo ne ya shigo a kan na da, kamar zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon mafitsara, ko na huhu, ko ƙarancin ruwa a jiki, kuma wannan na asibiti ne a ranar. Kin san zafin Garwa a Maris da Afrilu, lokacin da yake haura digiri 40, ga shi mai wannan ciwo yakan manta da ƙishirwa. Kada ki jira ta nemi ruwa, ki riƙa miƙa mata kofi a hannu.

Ban ce a bar addu'a ba. A yi mata tofi, a kunna mata karatu, musamman surorin da ta haddace tun ƙuruciya, za ki ga ta natsu har tana bi da baki. Amma duk wanda ya zo da bulala ko hayaƙi mai shaƙewa da sunan fitar da aljani, a sallame shi tun daga zaure. Alƙur'ani da kansa, a aya ta 70 ta Suratun Nahli, ya ambaci wanda ake mayar da shi zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, kuma bai jingina wannan ga sihirin kowa ba. Wannan ayar ta isa amsa ga mai cewa ke kika yi mata asiri.

A zaman yau da kullum, abu mafi wuya da zan nema daga gare ki shi ne ki daina ƙoƙarin cin nasara a gardama da ita. Hujja tana aiki ne a kan wanda zai iya riƙe farkon magana har a kai ƙarshenta, Inna kuwa ba ta iyawa. Idan ta ce an sace kuɗi, rantsuwa ba ta da amfani, gara ki ce, “Subhanallahi, Inna, zo mu duba tare,” ki bar ta ita ta gano su da hannunta, domin idan ke kika ɗauko za ta ce da ma kin san inda kika sa. Masu wannan ciwo sukan maimaita maɓoya biyu ko uku, za ki gane su cikin mako guda. Ki ɗinka mata 'yar jaka mai igiya ta rataya a wuya, a sa mata sulalla da 'yan takardun ɗari biyar-biyar, manyan kuɗi kuwa su bar ɗakin. Kafin a zubar da shara ko a jiƙa wanki, a laluba. Idan ta ce ba ta ci abinci ba, ki ce ga shi nan tafe, ki kawo mata ɗan abu kaɗan, ayaba ko rabin kofin kunu, ya fi a raba mata abincin sau biyar ko shida a yini a kan a cika mata kwano sau uku.

Maganar mahaifiyarta ta fi taɓa ni. Duk lokacin da aka ce mata “ai ta rasu tuntuni,” a wurinta yau ne aka yi rasuwar, kuma za ta yi sabon makoki wanda gobe za a sake sa ta ta yi. Na ga haka a kan gwaggona, wadda muka yi wata da watanni muna sanar da ita rasuwar mijinta kowace safiya muna ganin gaskiya muke tsarewa, kafin mu gane cewa azabtar da ita muke yi. Ba sai kin yi ƙarya ba. Ki tambaye ta, “Inna, kewarta kike yi? Wace miya ta fi iya yi?” ki bar ta ta ba ki labari, sannan ki ce magariba ta gabato, a bari sai da safe. Gidan da take nema ba gini ba ne da za a kai ta a babur, ko an kai ta Pitowa yau ba za ta gane wurin ba. Lokacin da take cikin aminci take nema. Rikicewar yamma kuwa sananniya ce a wannan ciwo, saboda gajiya ta taru, haske yana raguwa, inuwa tana sauya kamannin abubuwa, ga hayaniyar yara da girki. Ki kunna fitila tun kafin duhu, ki rage mata barcin rana da shayi da goro bayan azahar, kuma kafin lokacin ya yi ki ba hannunta aiki: tsintar wake, ɓarar gyaɗa, ninke tsummoki. Ko ba ta yi daidai ba ki yi mata sannu da aiki. Idan kuma Fulatanci ta fi ji a ƙuruciyarta, kada ki yi mamaki in wata rana ya rinjayi Hausarta, ki bi ta da harshen da ta ɗauko.

Kulle ta a ɗaki kuwa ina so ki daina, duk da na san tsoron kogi ne ya sa ki. Mutumin da bai san dalilin da aka rufe shi ba, abin da ya sani kawai shi ne an tsare shi, kuma wannan yana ƙara masa zargi da faɗa, ban da haɗarin zafi da gobara da faɗuwa babu mai gani. A mayar da tsaron ƙofar gida: a ɗaga sakata sama inda idonta ba ya kaiwa, a rataya ƙararrawa ko gwangwani da tsakuwa, tsakar gida kuma ta zama tata, a kawar da ashana da wuƙa da maganin ɓera, a rufe rijiya. Ki ɗinka lambar wayarku a cikin rigunanta, ki ajiye sabon hotonta a wayarki. Sannan ku cire kunya ku sanar da maƙwabta, da mai shagon bakin layi, da masu babur na mahaɗarku, da liman, da jauro, wato mai unguwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tsohuwar da aka gani ita kaɗai da dare tana sambatu a unguwar da ba a san ta ba, kin san sunan da wasu za su fara kiranta da shi, kuma kin san abin da kan biyo baya. Sanin unguwa shi ne katangarta ta biyu.

Yanzu ga abin da ya hana ki barci. Ba zan ce miki fizgar hannunta daidai ba ce, domin fatar tsoho da ƙashinsa ba su ɗaukar abin da namu ke ɗauka, kuma ita ba ta da ikon kare kanta. Ki yi istigfari, ki shiga ki shafa mata man kaɗanya a ƙafa, ki yi mata magana mai daɗi. Wataƙila ta manta da abin da ya faru, amma tsoro ko natsuwar da mutum ya bar wa masu wannan ciwo yakan daɗe fiye da labarin, shi ya sa gyaran ma ta nan yake shiga. Nan gaba idan kika ji abin ya taso miki, ki fita tsakar gida ki yi alwala kafin ki dawo. Yaranki kuma ki zaunar da su ki gaya musu cewa kakarsu ba ta da lafiya ne, kada su tashi da tunanin uwarsu ɓarauniya ce, ko su mayar da tsohuwa abin tsokana. Ita dai an ɗauke mata alƙalami, kamar yadda hadisi ya zo game da wanda hankalinsa ya gushe, don haka kada ki tsananta mata a kan salla ko azumi, idan ta yi azahar sau uku ko ta sallame a raka'a ɗaya ki ƙyale ta. Lada kuwa na Allah ne, kuma ban san malamin da zai ce tsawa ɗaya da aka yi nadamarta ta share shekara uku na wanka da wanki da ciyarwa ba. Abin da tsawar ta nuna mini shi ne kin kai maƙura, kuma idan ba a sauya tsarin gidan ba za ta sake faruwa, ko da kin fi kowa haƙuri.

A nan ne nake ganin an zalunce ki. Umarnin kyautata wa iyaye idan sun tsufa, har da hanin a ce musu “uf”, a kan 'ya'yansu ya sauka, wato mijinki da ƙannensa. Abin da matar ɗa take yi kyautatawa ce da neman lada, ba bashi ba ne da ake bin ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 cikin 100 na sa'o'in jinyar masu wannan ciwo mata ne ke ɗauka, a wurinmu kuma sau da yawa macen da ke ɗauka ita ce wadda ba a tambayi ra'ayinta ba, sannan ita ake zargi. Don haka bayan an ga likita, mijinki, ba ke ba, ya kira taron dangi, da wani babba da kowa ke jin nauyinsa, kawu ko baffa, a karanta takardar likita a gaban kowa. A fito da magana dalla-dalla, domin “za mu riƙa taimakawa” ba ta sayen sabulu. Kowa ya faɗi abin da zai riƙa turowa a wata ta Orange Money ko MoMo da ranar da zai turo, a ɗauki mai taya ki aiki ko da na rabin yini ne, a tsayar da yini ɗaya a mako wanda ba ke ce da Inna ba. Duk abin da ta mallaka, gwal ne, takardar fili ce, ko kuɗin fansho, a lissafa a rubuce a gaban shaidu a damƙa wa ɗanta, ki wanke hannunki daga ciki, ta haka maganar mallake gida ta mutu.

Wasu za su ce a riƙa zagayawa da ita, wata uku a Marwa, wata uku a Yawunde. Ban goyi bayan wannan ba, domin sauya wuri yana ƙara ruɗa mai wannan ciwo, wadda ta san hanyar banɗaki a gidanku da ƙafa za ta ɓata a sabon gida, balle a ɗora mata doguwar tafiyar mota zuwa Ngaundere da kwanan jirgin ƙasa. Masu jinya ne ya kamata su zo inda take. Babbar ƙanwar, mai maganar asiri, ita za a fara gayyata cikin mutunci ta zo ta yi mako biyu tana kwana a ɗakin uwarta. Gani ya kori ji. Ba na yi mata fatan sharri, amma zai yi wuya a kwana huɗu Inna ba ta tambaye ta inda ta kai kuɗin bakin zane ba.

A cikin waɗannan makonni biyu ne za ki tafi gidanku, da izinin mijinki da ranar dawowa, ki yi barci, ki je a auna hawan jininki ke ma. Wannan ita ce amsata ga tambayarki ta biyu. Idan kika yi yaji yanzu, masu zargi za su ce asiri ya tonu, Inna za ta rasa fuskar da ta fi sabawa da ita, ke kuma za ki tafi da nauyin a zuciya. Amma idan aka yi taro suka ƙi ɗaukar komai, ko aka ci gaba da jifanki da maganar asiri mijinki yana shiru, to ki sanar da waliyyinki manya su shiga, kuma kina da haƙƙin ki faɗi iyakar abin da za ki iya. Dole a yi wannan tun yanzu, domin ciwon gaba yake yi, kuma yakan ɗauki shekaru. Lokaci na zuwa da fitsari da bayan gida za su ƙwace mata, haɗiya ta yi wuya har sai an dama abinci da kauri an zaunar da ita bayanta a miƙe kafin a ba ta, daga baya ta kwanta sai an riƙa juya ta kusan kowace sa'a biyu don kada gyambo ya fito mata a ƙugu da diddige. Mace ɗaya mai yara huɗu ba ta iya wannan dare da rana.

Idan maigidan ya dawo daga wannan tafiyar, kada ki tare shi da maganar a daren da ya sauka. Ki bari ya huta, washegari bayan la'asar ki ce za ki leƙa maƙwabta, ki bar shi da Inna har a yi isha'i. Idan kin dawo, ki ajiye masa littafin da kika rubuta a kusa da abincinsa, ki tambaye shi ranar da zai kai ta asibiti.